Yadda ake gyara manhajar da tagarta ba ta ja idan ka haɗa laftop da monita

Kwanakin baya aka kira ni wani kantin magani wajen Kawo, wai sabuwar laftop ɗin da Alhaji mai kantin ya siyo ta ɓata musu manhajar da suke shigar da ciniki. Ina zuwa yaron kantin ya nuna min, ya shigar da magani, ya sa kuɗi, amma maɓallin Save da ke can ƙasa ya nutse a gindin allo ba a ganinsa, kuma tagar ba ta ja ba ta matsuwa, ko ka kai linzami bakinta kibiyar nan mai kai biyu ba ta fitowa. In ya jawo ta kan monitar da ke teburin ciniki kuma sai rubutun ya yi dishi-dishi kamar an shafa wa allon man kaɗanya. Alhaji ya ce, "Malam, ko dai mayar musu da kayansu za mu yi?" Na ce a'a Alhaji, laftop lafiyarta ƙalau, a ba ni kujera kawai.

Wannan matsalar na ci karo da ita ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, a makarantun kuɗi masu manhajar haɗa sakamako, a bizines senta, a ofisoshin da har yau suke kan tsohuwar manhajar akawu. Toh ga yanda nake bi, na Windows 10 da 11 ne.

Kayan da za ka tanada

Laftop ɗin da monitar, a haɗe kamar yanda ake aiki da su kullum, kar ka gwada gyara a gida ba tare da monitar ba dan abin da ka gyara zai warware kana haɗawa. Wayar haɗi mai kyau, HDMI ta fi, in monitar tsohuwa ce mai VGA kaɗai sai ka nemi ƙaramar kwambata ta HDMI zuwa VGA, ana samu a shagunan kayan kwamfuta na Ahmadu Bello Way da cikin Kasuwar Gumi. Biro da takarda, da kalkuletar wayarka, da gaske nake, lissafi za mu yi. Sai fasuwod ɗin shiga kwamfutar, saboda za ka fita daga akawun ka sake shiga, kuma na sha zama ina jiran mai fasuwod ya dawo daga masallaci. Ka tabbata sun adana duk aikin da ke buɗe.

Abu ɗaya da ya kamata ka gane kafin ka taɓa komai

Allo ɗigo-ɗigo ne, fiksel ake ce musu. Laftop mai inci 14 da monita mai inci 24 duk za su iya zama 1920 x 1080, adadin ɗigon ɗaya ne, amma a laftop an cusa kusan 157 a kowane inci, a monitar kuma kusan 92. Kenan abu ɗaya zai fito ɗan mitsitsi a laftop, ya fito daidai a monita. Dan haka Windows take ƙara girman komai a ƙaramin allo, shi ne lambar nan ta Scale, 125% ko 150%, monitar kuma ta bar ta a 100%.

Sabbin manhajoji irin su Chrome sun san da wannan, suna sake zana kansu duk allon da ka kai su. Tsofaffin kuwa an rubuta su ne lokacin da kowa yake kan 100%, kuma sai a Windows 8.1, shekarar 2013, aka fara ba kowane allo nasa ma'aunin. Wanda ya rubuta manhajar ya yanka tagarta kaza da kaza ya kulle. Windows in ta ga irin wannan sai ta ɗauke ta kamar hoto ta buɗa, shi ya sa take yin dishi-dishi, shi ya sa kuma take fin ƙarfin allon. Iyakar ilimin da kake buƙata kenan.

1. Rubuta lambobin kowane allo

Danna maɓallin Windows da I tare, ka shiga System, sai Display. Za ka ga akwatuna biyu masu lamba 1 da 2. Danna Identify lambar ta fito a kan kowane allo ka san wanne ne wanne. Sai ka danna akwatin farko, ka sauka ƙasa ka rubuta abu biyu a takarda, Scale da Display resolution, wato rizolushan, adadin ɗigon allon irin 1920 x 1080 ɗin nan. Ka danna na biyun ka yi haka. Ka kuma duba wanne ne aka yi wa alamar Make this my main display, shi ne babban allo a wajen Windows, kuma yana da muhimmanci fiye da yanda kake zato.

Kuskuren da mutane suka fi yi a nan: su canza Scale ba su lura da akwatin da aka zaɓa ba, su ɓata na monita alhali laftop suke nufi. In kuma ka ga akwati ɗaya ne an rubuta 1 da 2 a cikinsa, toh kana kan Duplicate ne, allunan biyu abu ɗaya suke nunawa kuma ba za ka iya ba kowanne nasa saitin ba. Danna Windows da P ka zaɓi Extend.

2. Tabbatar rizolushan ɗin na asali ne

Kowane allo ya kasance a kan lambar da aka rubuta Recommended a gefenta. In monitarka ta 1920 x 1080 ce amma Windows ba ta nuna maka sama da 1024 x 768, ba matsalar Scale ba ce tukuna, ko waya ce ko kwambata ko direban girafik. Canza wayar ka gani. Mai VGA kuma ya nemi maɓallin Auto a jikin monitar ya danna sau ɗaya, hoton zai ɗan yi rawa ya zauna, sau da yawa rabin dishi-dishin nan yake tafiya.

Masu amfani da talabijin a matsayin allo na biyu, in kun ga gefen hoton a yanke har layin ƙasa mai agogo ya ɓace rabi, daga talabijin ɗin ne. Ku shiga saitin girman hoto da rimot, a LG sunansa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen. Na taɓa ɓata kusan awa guda ina tonon Windows kafin na tuna da rimot, yana nan ajiye kan firij.

3. Auna tagar, ka yi lissafi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa yake tsallakewa. Buɗe manhajar ka kai ta allon da ke kan 100% inda take fitowa gaba ɗayanta. Danna ta, sai ka danna Alt da PrtSc tare, hakan zai ɗauki hoton tagar. Buɗe Paint, danna Ctrl da V, danna Crop, ka duba can ƙasa za ka ga faɗi da tsawo. Ta kantin Alhaji wajen 1024 x 768 ce, kuma da yawa daga cikin tsofaffin nan haka suke.

Yanzu ka raba tsawon allon da lambar Scale. Laftop mai 1080 a kan 150%, wato 1080 a raba da 1.5, ya ba da 720. Cire layin ƙasa mai agogo, wanda yake cin 40 a Windows 10, 48 a Windows 11. Saura 680 ko 672. Taga mai tsawon 768 ta ina za ta shiga? Kamar ka kawo katifa mai ƙafa shida ne ka ce sai ta zauna a gado mai ƙafa huɗu da rabi. A kan 125% kuwa, 1080 a raba da 1.25 ya ba da 864, ka cire 48 saura 816, ta shiga har da rara.

Kaga kenan tun kafin ka taɓa wani saiti ka riga ka san amsar. In laftop ɗinka irin 'yan hannun nan ne masu 1366 x 768 da suka cika gari, ko a 100% fili 728 ko 720 ne kawai ya rage maka, kuma ba a sauka ƙasa da 100%. Mai irin wannan ya duba mataki na 7.

4. Zaɓi babban allo, ka fita ka dawo

Tambayi kanka, a wane allo ake aiki da manhajar nan yini guda? Wannan allon shi za ka mayar babba. Danna akwatinsa, ka sa alama a Make this my main display. Dalili shi ne akwai rukunin manhajoji da suke duba ma'aunin babban allo sau ɗaya tak su riƙe shi, duk allon da ka kai su bayan nan Windows ce take buɗa su ko ta matse su. In babban allon laftop ne mai 150% kai kuma a monita mai 100% kake aiki, hoton da aka matse kake kallo tun safe har magariba.

Bayan ka canza, rufe manhajar kwata-kwata. Ni dai nakan fita daga akawun ɗin na sake shiga, wato Sign out, ko na kashe na kunna. Wasu za su ce rufe manhajar ya isa, wani lokacin ya isa ɗin, amma na gaji da yin gyara sau biyu. Kuma ka shiga monitar tana haɗe tana kunne.

In lissafinka ya nuna 125% zai ɗauki tagar, sauke na laftop ɗin zuwa 125% a nan ka gwada. Ga mai ido lafiya a allo mai inci 15.6 ba wata wahala. Idan rubutu ya yi wa mai kwamfutar ƙanƙanta, akwai wajen ƙara girman rubutu kaɗai, a Windows 11 yana Accessibility sai Text size, a Windows 10 yana Ease of Access sai Display, amma fa ba kowace tsohuwar manhaja ce take jin wannan ba.

5. Duba irin halin manhajar

Wannan ba dole ba ne amma yana rage lalube. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ka shiga Details. Danna dama a kan layin sunayen da ke sama, zaɓi Select columns, ka sa alama a DPI Awareness, wato yanda manhaja ta san ma'aunin allo. Nemo manhajarka a jerin. In ka ga Unaware, ba ta san komai ba, Windows ce take buɗa ta. In System ne, ita ce mai riƙe ma'aunin babban allo da na faɗa. In Per-Monitor ne, ta ce wa Windows ta iya da kanta, kuma wasu ƙarya suke, su ne za ka ga sun fito 'yan ƙanana kamar rubutun jikin kwalin magani, ko rubutu ya hau kan rubutu. In ba ka ga DPI Awareness a jerin ba, Windows 10 ɗinka tsohuwa ce, wuce kawai.

Tunda kana nan, danna dama a kan sunan manhajar ka zaɓi Open file location. Fayil ɗin da ya nuna maka shi ne ainihin wanda yake aiki. Ka riƙe wajen.

6. Gyara manhajar ita kaɗai

Rufe manhajar. Danna dama a kan fayil ɗin nan da Open file location ya nuna maka a mataki na 5, Properties, Compatibility, sai Change high DPI settings. A ƙasa akwai Override high DPI scaling behavior, sa masa alama, zaɓi uku ne a ƙarƙashinsa.

Application na nufin Windows ta cire hannunta. Rubutu zai fito tangaran, tagar kuma sau da yawa takan koma ainihin girmanta, wato mai 768 ta zauna cikin 1080 ba tare da an buɗa ta ba. Wannan shi ne maganin Save da ya nutse in ba ka son taɓa Scale. Illarsa a ƙaramin allo komai zai ƙanƙance, wasu manhajojin kuma rubutun ne zai girma akwatunan su tsaya yanda suke, sai ka ga rabin kalma a yanke. In ka ga haka bar shi.

System na nufin Windows ta ɗauke ta a matsayin tsohuwa ta buɗa ta kamar hoto. Za ta yi ɗan dishi-dishi a allon da ya wuce 100%, amma komai zai zauna a mazauninsa. Shi nake ba manhajojin nan masu ƙaryar sun iya.

Na ukun shi ne System mai Enhanced a gabansa, wanda ya zo da sabuntawar Windows 10 ta 2017. Yana buɗa tagar amma ya sake zana rubutun da kyau. In ya kama, ya fi duka daɗin ido. Sai dai ba kowace manhaja yake kamawa ba, wata ba za ka ga bambanci ba, wata kuma layuka su karkace ko ta ɗan yi nauyi.

Ni tsarina: in tagar ta fi allo girma na fara da Application, in dishi-dishi ne kawai na fara da mai Enhanced, in ƙanƙanta ce ko cakuɗewa na fara da System. Ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka danna OK, ka danna Apply, ka buɗe manhajar, ka shiga har cikin ƙananan tagoginta, wajen buga rasit, wajen rahoto, wajen neman kaya. Kar ka tsaya a fuskar farko ka ce ya yi. Akwai ranar da na tafi ina murna, ban kai Unguwar Sarki ba aka kira ni wai tagar rasit ta koma kamar akwatin ashana.

A saman wannan wajen akwai wani akwati, Program DPI. In ka sa masa alama ka zaɓi I open this program, manhajar za ta ɗauki ma'aunin babban allo na lokacin da ka buɗe ta, ba na lokacin da ka shiga Windows ba. Yana da amfani ga mai cire laftop ya tafi da ita gida ya dawo ya haɗa.

Gargaɗi biyu. Na farko, wasu manhajojin alamar da ke kan allo ɗan aike ce kawai, ita take kiran wani fayil ɗin daban, in ka yi saitin a kanta ba abin da zai canza, shi ya sa na ce ka bi ta Task Manager. Na biyu, in mutum fiye da ɗaya ne suke shiga kwamfutar kowa da akawun ɗinsa, danna Change settings for all users ka yi a can, in ba haka ba mai aikin yamma zai zo ya tarar da matsalar tana nan. Manhajojin da aka sauke daga Microsoft Store galibi ba su da Compatibility ɗin ma sam.

7. Idan allon ne ya yi kaɗan

Mai 1366 x 768, ko wanda duk na sama bai yi masa ba. Fara ɓoye layin ƙasa: danna dama a kansa, Taskbar settings, ka kunna Automatically hide the taskbar, a Windows 11 yana ƙarƙashin Taskbar behaviors. Ka samu ƙarin 40 ko 48 kenan, wani lokacin iyakar abin da ake nema kenan.

In bai isa ba, a bar manhajar a monita kawai. Kuma in za ka siyo monita saboda irin wannan manhajar, tsawo za ka duba ba faɗi ba. Tsofaffin nan masu kusan murabba'i, 1280 x 1024, da mutane suke rainawa, sun fi mai 1366 x 768 ko 1440 x 900 ɗaukar doguwar taga, ga araha.

Kafin a samu monita, ana iya lallaɓawa da kibod. Maɓallin Tab yana tsallakawa daga akwati zuwa akwati har ya kai kan maɓallin da ba ka gani, Enter ko Space ya danna shi. In akwai harafi mai layi a ƙarƙashinsa a jikin maɓallin, Alt da wannan harafin ma yana yi. Amma wannan a makance ne, ban yarda a yi shi a inda Delete yake kusa da Save ba.

8. Idan tagar ta ɓace gaba ɗaya

Wannan mu 'yan Kaduna mun fi kowa saninsa. An ɗauke wuta, monita ta mutu, laftop tana kan batir, ka buɗe manhaja ka ga alamarta a ƙasa amma ita babu ita. Tana can kan mataccen allon, dan sau da yawa, musamman da wayar VGA, Windows tana ɗauka har yanzu monitar tana nan. Danna Windows da P ka zaɓi PC screen only, ko ka zare wayar. In ba ka son haka, danna alamar manhajar, ka riƙe Windows da Shift ka danna kibiyar hagu ko dama, za ta tsallako. In ta ƙi, Alt da Space, sai M, sai ka danna kowace kibiya sau ɗaya ka motsa linzami, tagar za ta manne masa ta biyo shi, ka danna ka ajiye.

In an kawo wuta kuma ka ga tagar ta dawo da wani irin girma, kar ka shiga saiti, rufe ta ka sake buɗewa. Masu Windows 11 su shiga Display, su buɗe Multiple displays, su kunna Remember window locations based on monitor connection.

9. Abubuwan da za ka bari

Custom scaling, wajen da ake rubuta lamba da hannu daga 100 zuwa 500. Ka guje shi in allo biyu gare ka, dan lamba ɗaya yake ɗora wa duka allunan, ya kulle maka zaɓin kowanne, kuma sai ka fita ka dawo kafin ya kama ko ya saki. In ka shiga Display ka ga Scale ya yi toka-toka ba ya dannuwa, wani ne ya riga ka sa shi. Akwai rubutu a wajen mai cewa Turn off custom scaling and sign out, danna shi.

Rage rizolushan dan abu ya ƙara girma, shi ma a'a. Duk allon ne zai dusashe saboda manhaja ɗaya, kuma filin da kake nema ƙara raguwa zai yi.

Sai ajiye taga a tsakiya, rabi a laftop rabi a monita. Windows tana ba taga ma'aunin allon da ya fi ɗaukar kasonta, shi ya sa kana jan ta tana kaiwa tsakiya sai ka ga ta yi tsalle ta kumbura ko ta tsuke. Ba lalacewa ba ce, ka ƙarasa da ita gefe ɗaya. In linzami ne yake maƙalewa a bakin allo, koma wajen akwatunan nan na 1 da 2 ka ja su su daidaita da yanda allunan suke a kan tebur, ka danna Apply.

A kantin Alhaji abin da na yi bai wuce uku ba: na mayar da monita babban allo, na sauke laftop daga 150% zuwa 125%, na sa wa manhajar Program DPI a kan I open this program. Na sa yaron ya zare wayar ya rufe manhajar ya buɗe a gabana, Save ya fito, ya mayar da wayar ya sake, ya fito. Sai na rubuta masa Windows da P a 'yar takarda na manna a gefen kibod saboda ranar da za a ɗauke wuta yana tsakiyar ciniki.